Me Homa Ya Gani a Teku?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsibiran ƙasar Girka, ko da a jikin kalanda ne, ruwan ne ke fara ɗaukar idonsa. Shuɗi ne tsantsa, babu gardama. Amma mawaƙin da ƙasar take tinƙaho da shi fiye da kowa, wato Homa, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai taɓa kiran wannan teku shuɗi ba. Ya bar dogayen waƙoƙi biyu, Iliyad mai layi fiye da 15,000 da Odisi mai layi fiye da 12,000. Ta farko labarin yaƙi ce wanda aka kafa sansaninsa a bakin teku, ta biyu kuma labarin mutumin da ya shekara 10 yana neman hanyar gida ta ruwa. Ke nan damar faɗin launin teku ba ta yi masa ƙaranci ba. Abin da ya yi, har sau 17, shi ne ya liƙa wa tekun wata kalma guda, oinops, wadda aka ƙera daga sunan giyar inabi da kalmar da ke nufin fuska ko ido. Sau 5 a Iliyad, sau 12 a Odisi.

Giyar inabi kuwa ja ce mai duhu. To me ya haɗa ta da ruwan Bahar Rum?

Masu nazarin waƙa a jami'o'inmu, musamman tun bayan aikin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Gadon Feɗe Waƙa, sun saba bambanta ado iri biyu. In mawaƙi ya sa kamar, ko tamkar, ko awa, kamance ya yi. In ya jefar da su, ya ce abu kaza shi ne kaza kai tsaye, siffantawa ce. Wannan bambancin ya daɗe. Aristotal ma ya yi shi a littafinsa na fasahar magana, kuma da jarumin Homa, Akilis, ya kafa misali, ya nuna bambancin a ce ya zabura kamar zaki da a ce zakin ya zabura. Homa gwanin dogon kamance ne. Yakan ɗauki layi da yawa yana kamanta mayaƙa da wutar daji, ko garken tsuntsaye, ko ƙudajen da ke yanyame madara a ruga, yana zayyana komai filla-filla. A nan bai yi haka ba. Kalma ɗaya ya jefa ya wuce, bai ce ta ina tekun ya ɗauko kamar giya ba.

Wanda ya mayar da abin babbar magana ba malamin jami'a ba ne. Ɗan siyasa ne, William Gladstone, wanda daga baya ya zama firayim ministan Birtaniya har sau 4. A 1858 ya fitar da littafi mai juzu'i 3 a kan Homa da zamaninsa, shafi wajen 1,700. Masu sharhi sun yi wa littafin ba'a, musamman inda ya dage cewa gumakan Girkawa gurɓatacciyar inuwa ce ta aƙidar Kiristanci. Amma can cikin juzu'i na uku akwai babi a kan launi, kuma a nan mutumin ya yi aikin da ya cancanci yabo: ya zauna ya ƙirga. Ya samu kalmar baƙi ta zo kusan sau 170, fari kusan sau 100. Daga nan sai lissafi ya faɗi warwas. Ja sau 13, rawaya da ƙyar ta kai 10, sauran ba su kai haka ba.

Bai tsaya a ƙirga ba, ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da aka liƙa musu, sai al'amarin ya ƙara dagulewa. Kalmar da ake ɗauka kore ce, Homa ya ba zuma ita, ya ba ɗanyen reshe, ya ba fuskar wanda tsoro ya kama. Ragunan wani ƙato mai ido ɗaya a Odisi an ce gashinsu launin wani fure ne shunayya, kuma furen nan dai aka jingina wa ƙarfe, aka jingina wa teku. Sararin sama na tagulla ne ko na ƙarfe, mai faɗi ne, mai taurari ne, amma ko sau ɗaya bai zama shuɗi ba. Kalmar da daga baya ta zama shuɗi a Girkanci tana nan cikin waƙoƙin, sai dai girar babban gunkinsu Zus aka siffanta da ita, da gashin jarumi Hekta, da gajimare mai duhu. Ruwa ba ya tsami banza. Mawaƙin da bai taɓa kuskuren yadda mashi ke shiga garkuwa ba, yaya za a yi ya riƙa tuntuɓe a duk inda aka zo maganar launi?

Amsa mafi sauƙi ta daɗe a bakin mutane: ai makaho ne. Girkawan da kansu haka suka riƙa faɗa, kuma cikin Odisi akwai makahon mawaƙi da ke waƙa a fadar sarki, wanda wasu ke ganin Homa hoton kansa ya zana. Gladstone bai karɓi wannan ba, kuma yana da gaskiya. Makaho da harshen mutanensa yake magana. Ya ji sun ce madara fara ce, haka zai ce. Mu da muka san makahon mawaƙi Aliyu Namangi na Zariya ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Ga kuma masu sauraro: waƙoƙin Homa su ne karatun yaran Girkawa ƙarni bayan ƙarni, ana rera su a bukukuwa gaban dubban mutane, cikinsu har da masunta da matuƙa jirgi da 'yan kasuwar da teku ce hanyarsu. Da siffar kuskure ce, da ba ta rayu ba.

Daga nan Gladstone ya yi tsalle mai nisa. In ba idon mutum ɗaya ba ne, to idon al'ummar ne gaba ɗaya. Ya yanke cewa gaɓar ganin launi ba ta gama ƙosawa ba a jikin Girkawan zamanin Homa, duniya a wurinsu haske ce da duhu, sai ɗan ja da ya fara ɓullowa. A ƙarshen shekarar da littafin ya fito, gwamnati ta tura shi a matsayin wakili na musamman zuwa tsibiran Ayoniya, waɗanda ke ƙarƙashin Birtaniya a lokacin, cikinsu har da Itaka, mahaifar jarumin Odisi. Ya ga ruwan da idonsa, kuma bai sauya ra'ayi ba. A 1877 ya sake rubuta maƙala yana ƙarfafa maganarsa.

Lokacin ma ya taimaka masa. Shekara guda bayan littafinsa Charles Darwin ya fitar da nasa a kan asalin halittu, kowa ya koma neman alamun sauyin jiki a cikin tarihi. A 1867 wani masanin harsuna Bajamushe, Lazarus Geiger, ya gabatar da lacca a Frankfurt inda ya nuna cewa ba Girkawa kaɗai ba ne. Tsofaffin waƙoƙin addini na Indiya sun cika da maganar sama da alfijir da gajimare, amma ba su ce sama shuɗiya ce ba. Haka ya gani a tsofaffin littattafan Farisa da na Ibraniyawa. Ya kuma lura cewa harsuna suna samun sunayen launi bisa jeri guda: baƙi da fari, sai ja, sai rawaya da kore, shuɗi a ƙarshe. A 1875 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Lagerlunda ta ƙasar Swidin, aka yi zargin wani ma'aikaci ne ya kasa bambance launin fitila, sai likita Frithiof Holmgren ya ɓullo da gwajin ido da zaren ulu kala-kala, maganar makantar launi ta cika Turai. A 1877 likitan ido Hugo Magnus na Breslau ya tattara duka ya ce tantanin idon ɗan Adam a hankali ya koyi launuka, ya fara da ja, shuɗi kuwa bai daɗe da samuwa ba.

Magana irin wannan ana iya gwada ta, tunda akwai al'ummomi masu rai da harshensu bai ware shuɗi ba. Gwajin farko an yi shi a yanayin da abin kunya ne ga waɗanda suka shirya shi. A 1878 ɗan kasuwar namun daji Carl Hagenbeck ya kawo mutane daga Sudan, aka baje kolinsu a gidan namun daji na Balin, jama'a na biyan kuɗi suna kallo. Shahararren likita Rudolf Virchow da abokansa suka je da zaren ulu. Da aka nuna musu shuɗin zare, wasu suka ce baƙi ne, wasu suka ce kore. Amma da aka ce su ware zaren, su haɗa kowane da ɗan uwansa, ba su yi kuskure ba. Magnus da kansa ya aika takardun tambayoyi da katunan launi ga 'yan mishan da 'yan kasuwa a sassan duniya, kuma sakamakon da ya buga a 1880 ya karya ra'ayinsa: mutanen suna ganin kowane launi, suna ne kawai ba su raɗa wa wasu ba. Masu rini a Kano da Kura sun san wannan tun da daɗewa. Zanen da ya sha baba ya ƙoshi baƙi suke ce masa, alhali babu marinin da zai kasa bambance shi da gawayi.

Ƙasa ma ta ba da shaida. Daga 1967 aka fara haƙa garin Akrotiri a tsibirin Tira, wanda tokar aman wutar dutse ta binne ɗaruruwan shekaru kafin Homa, sai ga bango da zanen birai shuɗɗa suna tsalle a kan duwatsu. Mutanen yankin suna sarrafa shuɗin fenti irin wanda Misirawa suka ƙware a haɗawa. A 1969 Brent Berlin da Paul Kay suka nazarci harsuna 98 suka sake gano jerin da Geiger ya hango, wannan karon ba tare da ɗora wa idon kowa laifi ba.

An wanke idon Girkawa ke nan. Sai dai in aka duba da kyau, rabin tambayar kawai aka amsa. Rashin kalmar shuɗi zai iya sa mutum ya ce teku baƙi ne, ko kore ne, ko ya yi shiru. Ba zai tilasta masa ya ce giya ba. Me ya sa giya?

Wasu sai suka koma tuhumar abubuwan biyu da kansu. Ko dai tekun ne ya yi ja, ko giyar ce ta yi shuɗi. A 1983 wasu mutum biyu a Kanada, masanin sinadarai Robert Wright da malamin adabin Girka Robert Cattley, suka rubuta wa mujallar Nature cewa Girkawa ba sa shan giya sai sun sirka ta da ruwa mai yawa, ruwan wasu yankunansu kuma yana da kanwa-kanwa saboda duwatsun farar ƙasa, watakila ya riƙa juya giyar ta koma shuɗiya. Dabara ce mai daɗin ji, amma Homa da bakinsa ya rushe ta, domin a wurare da dama ya kira giya ja, a wasu ya kira ta baƙa. Wasu suka ce wani tsiron ruwa ne ke rina teku ja lokaci-lokaci. A wannan shekarar dai wani masani, Rutherford-Dyer, ya kawo shawarar da ta fi su nauyi, cewa tekun faɗuwar rana ake nufi, lokacin da jan sama ke kwanciya a kan ruwa. Lallai akwai wuraren da hakan ya dace, kamar inda ɗan jarumin Odisi ya tashi da jirginsa bayan magariba. Amma akwai inda aka siffanta tsibirin Kirit da cewa yana tsakiyar irin wannan teku, ba a ambaci safiya ko maraice ba. Tsibiri ba ya zama cikin faɗuwar rana dare da rana.

Sai kuma wani matashi Ba'amurke, Milman Parry, ya zo ta wata ƙofa daban. A kundin digirinsa da ya gabatar a Faris a 1928, ya nuna cewa siffofin da Homa ke maimaitawa kirari ne gadajje, kowane an yanka shi daidai da wani gurbi a ma'aunin layi. Shi ya sa jirage ke zama masu sauri ko suna girke a kan yashi, Akilis kuma mai saurin ƙafa ko yana zaune. Don ya tabbatar, tsakanin 1933 da 1935 ya tafi Yugoslabiya tare da Albert Lord, suka naɗi muryoyin mawaƙan baka da ba su iya karatu ba. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Medjedovic, ya rera waƙa guda mai layi fiye da 12,000, tsawon Odisi ke nan, yana gina ta da irin waɗannan tubala. Teku ma yana da kirari da yawa a wurin Homa: mai furfura, mai ruri, mai hazo, marar amfanin gona. Mawaƙi na ɗauko wanda ya cike masa gurbi.

Wannan ya bayyana dalilin maimaitawa, kuma ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai neman wata boyayyar ma'ana a kowane wuri daga cikin 17 ɗin. Amma kirari ba ya faɗowa daga sama. Kafin ya zama gado, wani ne ya fara faɗinsa, jama'a suka ji ya zauna daidai, suka riƙe. Abin da Parry ya yi shi ne ya tura tambayar baya, zuwa zamanin da ya riga Homa.

Ashe bakin zaren yana cikin lissafin tun farko. Bayan sau 17 na teku, kalmar ta sake zuwa sau 2, ɗaya a kowace waƙa, kuma duka biyun shanun huɗa aka siffanta da ita. A Odisi, jarumin ya ƙosa rana ta faɗi ya kama hanyar gida, sai aka kamanta shi da manomin da ya wuni yana bin shanunsa biyu da garma, yunwa na cin sa. A Iliyad kuwa, jarumai biyu masu suna ɗaya ne suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a fagen fama, aka kamanta su da shanu biyu ƙarƙashin karkiya guda suna keta saura, gumi na tsattsafowa a gindin ƙahoninsu. Gladstone ya ga waɗannan wurare, amma ya jera su cikin hujjojin ruɗewar ido.

Shaidar da ta sauya nauyinsu ta fito ne daga ƙarƙashin ƙasa. Daga 1900 Arthur Evans ya fara haƙa fadar Knossos a Kirit, ya tarar da dubban allunan yumɓu da gobara ta gasa, ɗauke da rubutun da babu mai iya karantawa. Rabin ƙarni suna ajiye, har 1952, lokacin da wani mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware rubutun ya gano tsohon Girkanci ne. Waɗanda suka sa ran waƙoƙi sun sha mamaki, domin takardun ma'aji ne: tumaki nawa, mai nawa, keken doki nawa. A cikinsu akwai 'yan alluna da magatakarda ya rubuta sunan mutum da sunayen shanun huɗa biyu da ke hannunsa. Wani sa sunansa Baƙi, wani Roɗi-roɗi. Wani kuma sunansa wannan kalma tamu, mai fuskar giya. Fiye da shekara 400 kafin Homa, wani manomi a Kirit yana kiran sansa da ita. Ba ƙirƙirar mawaƙi ba ce, ba kuma ruɗewar makaho ba. Kalmar gona ce, ta mutanen da ke kallon dabbarsu kullum.

Yanzu abubuwa sun zama uku: giya, sa, teku. Babu shuɗin sa, don haka maganar shuɗiyar giya ta mutu karo na biyu. Abin nema shi ne siffar da ukun suka yi tarayya a kai.

A nan ne nake ganin malaman balaga sun riga Gladstone samun makamin aiki. Ɗalibin da ya karanta babin tashbihi a zaure ya san rukunansa huɗu: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da fuskar kama. Ana iya share na uku, ana iya share na huɗu, kuma malamai sun ce sharewar na ƙara wa magana ƙarfi, domin mai sauraro ne zai cike gurbin da kansa. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya tsaya sosai a littafinsa Asrarul Balaga a kan kamancen da fuskarsa ba launi ba ce, ba siffar jiki ba ce, yanayin motsi ne haɗe da haske. Homa ya share fuskar kama. Gladstone ya cike gurbin da launi ba tare da ya lura cewa zaɓi ya yi ba. Kuma ba abin mamaki ba ne. Ya tashi a ƙasar da aka karantar da shi launuka 7 na Isaac Newton, kuma shekara 2 kafin littafinsa, a 1856, wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, ya haɗa rinin shunayya daga kwalta, masana'antu suka fara fitar da launi a matsayin hajar sayarwa, wadda ake iya raba ta da abin da take jiki. Ga mutumin wannan zamani, in an ce abu ya yi kama da giya, launi ake nufi.

Akwai kuma wani ɗan bambanci da yake da sauƙin tsallakewa. Gladstone a kofin gilashi yake ganin giya, haske na ratsa ta ta gefe. Busa gilashi kuwa sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka ƙirƙiro shi, a yankin Sham. Masu sauraron Homa a babbar tukunyar sirki suke ganin ta, ta yumɓu ko ta ƙarfe, suna leƙawa daga sama. Mai son ya gane bambancin ya dubi zoɓo. A cikin gora ko leda, in rana ta ratsa shi, ja ne wur. Amma a leƙa shi cikin randa kafin a ɗura: jan ya ɓace, abin da ake gani duhu ne mai zurfi, ba a hango gindi, haske na kwance a samansa yana sheƙi. A tsoma ludayi, sai hasken ya farfashe, ya yi ta rawa, ruwan ya bugi gefe ya dawo, jan ya ɗan leƙo a bakin kumfa kawai. Wanda yake tsaye a cikin jirgi yana duban ruwa mai zurfi a ƙarƙashinsa, ba daga tudu yana hango shi ba, kusan abin da yake gani ke nan. Haka kuma fatar sa mai duhun ja in gumi ya jiƙa ta, tsoka na motsi a ƙarƙashi.

Homa ya bar wata shaidar da ke goyon bayan wannan. Ɗaya daga cikin kirarin da ya fi yi wa giya yana nufin mai walƙiya, ko mai fuskar wuta, kuma shi ɗin dai yake yi wa tagullar makamai. Abin da ya fara zuwa masa a rai game da giya ke nan: ƙyalli. In aka ɗauki wannan mabuɗi aka koma kan sauran ƙofofin, suna buɗewa. Eleanor Irwin, a littafinta na 1974 kan kalmomin launi a waƙoƙin Girka, ta nuna cewa kalmar da aka fassara da kore tana ɗauke da ma'anar ɗanyantaka da laima, shi ya sa ta dace da sabon reshe da zuma mai zuba. Furen da aka jingina wa ƙarfe da gashin rago duhunsa mai sheƙi aka ara. Ya kamata a yi wa Gladstone adalci a nan: ya lura cewa kalmomin Homa sun fi kula da haske da duhu, kuma wannan gaskiya ne. Inda ya kauce shi ne da ya ɗauki abin da mutane suka zaɓi su kula da shi a matsayin iyakar abin da suke iya gani.

Ban ce launi ba ya ciki sam ba. A jikin sa akwai ja, a tekun magariba ma akwai. Siffantawa mai kyau takan ɗauki kaya fiye da ɗaya, kuma wannan ma haka take. Da yawa daga wuraren da ta zo wuraren tashin hankali ne: inda tsawa ta farfasa jirgin jarumin Odisi mutanensa suka halaka, da inda Akilis ya tsaya gaban gawar amininsa, ya yanke gashin kansa yana duban ruwa, ya san ba zai koma gida ba. Girkawa sun san giya abu ce da ke ɗaukar mutum a hankali, ta yi ta jujjuya shi, ta kayar, kuma ba sa shan ta tsantsa saboda tsoron haka. Teku ma haka yake yi wa matuƙi. Amma wannan kaya ne na sama. Ginshiƙin da ke riƙe da giya da sa da teku a lokaci guda shi ne duhu mai ƙyalli da motsi.

Hujja ta ƙarshe maginan tukwane ne suka bar ta. A ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu zanen tukwane a Atina suka ɓullo da wata al'ada: su zana jerin jiragen ruwa a cikin bakin tukunyar sirki, ta ciki, daidai inda giya ke tsayawa in an cika ta. Mai ɗiba na motsa ta, sai jiragen su zama kamar suna tafiya a kan igiyar ruwa. Gwaninsu, Exekias, ya yi wani faffaɗan kofi wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa hannunsa a ƙafarsa. A cikin kofin ya zana gunkin giyarsu kishingiɗe a jirgi, kurangar inabi ta haye jigon filafilan ta yi 'ya'ya, manyan kifaye 7 na kewaye da shi. Sai an sha an rage sannan jirgin ke fitowa daga ƙarƙashin giyar. Kofin yana gidan kayan tarihi na Munich yanzu, amma ba a Girka aka tono shi ba. A Vulci aka same shi, a ƙasar Italiya, cikin kabarin mutanen Etruriya, waɗanda harshensu ba shi da dangantaka da Girkanci. 'Yan kasuwa ne suka riƙa loda irin waɗannan tukwane a jirgi suna kai musu, su kuma suna saye.